Gidan Kawusan a Agadas, da Gidajen Kakanninmu a Zongo

Jama'ar Zongon Kwatano da na Jonke, mutanen Paraku da Kandi, 'yan Malanbil da 'yan'uwansu na ƙetaren kogi a Gaya, da ku da ke can ruga da 'yar rediyo rataye a kafaɗa, barkanku da war haka.

Yau ba farashin rago za mu yi ba, ba kuma maganar duwan ba. Maganar gida ce. Ga abin da ya jawo ta.

Kwanakin baya, mun fito sallar lisha a babban masallacin Zongo, sai ɗan wani aminina ya ja ni gefe. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Baba, shawara nake nema.” Gidan kakansu ne ya zame musu rigima. Tsohon gida ne, zaure a gaba, ɗakuna jere ta hagu da ta dama, rijiya a tsakar gida, da wani fili a baya inda ake ɗaure raguna in layya ta gabato. Magada sun rabu uku. Wasu sun ce a sayar, ga mai kuɗi nan a shirye, zai rushe ya ta da bene na shaguna. Shi yaron da wani wansa sun ce a gyara a mai da shi otal. Gwaggonsu kuma, wadda a ɗakin nan na kusa da rijiya aka haife ta, ta ce sai dai in bayan ranta. Ya ce da ni, “Baba, tsakani da Allah, otal a gidan Kaka ba abin kunya ba ne?” Na ce masa, yaro, ka bari in ba ka amsa a rediyo, don ba ku kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ya yarda, da sharaɗin ba za a kama suna ba. To ba za a kama ba.

Amma kafin mu dawo Zongo, ku biyo ni arewa, har Agadas.

Duk wanda ya taɓa bin ayarin gishiri, ko ya kai dabba Ingal lokacin lasar gishiri, ya san hasumiyar Agadas. Tsawonta mita 27, ƙasa zalla, ga sandunan itace sun fiffito ta ko'ina kamar ƙayar bushiya. Tun farkon ƙarni na 16 masallacin yake, an kuma sabunta hasumiyar a 1844. To dab da masallacin nan akwai wani gida mai kaurin bango wanda aka sani da suna Hôtel de l'Aïr, wato otal ɗin Abzin. Baƙo in ya ga allon sai ya ɗauka wani Bature ne ya gina don masu yawon buɗe ido. Ina! Gidan Kawusan ne.

Tsofaffin Abzin da na Damargu har yau da yaƙin Kawusan suke lissafin shekaru. Buzu ne daga Ikazkazan, mabiyin ɗariƙar Sanusiyya, ya daɗe yana yawo tsakanin Kanem da Fezzan yana neman yadda zai kori Faransawa. A watan Disamba na 1916 ya iso Agadas da mayaƙansa da bindigogi, har da igwa. Sarkin Abzin na lokacin, Tagama, yana tare da shi. Suka tsare sojojin Faransa cikin barikinsu, ba shiga ba fita, har farkon watan Maris na 1917, lokacin da taimako ya iso musu daga Damagaram. Kawusan ya janye cikin duwatsu. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi: an kashe malamai da mutanen gari da yawa, an kwashe raƙuma, gari ya kusa zama kufai. Shi Kawusan an kashe shi a Fezzan a 1919, Tagama kuma ya mutu a hannun Faransawa a 1920.

Ku lura da abu guda. An gina gidan nan ne domin a sauki Kawusan, shi kuwa zamansa a garin ko wata uku bai cika ba. Wato tun ranar da aka aza tubalin farko, gidan baƙo ne. Da ya zama otal daga baya, sana'arsa ta fari ya koma, sai dai baƙon ne ya canza kama.

Wanda ya shiga zai ga babban ɗaki da ginshiƙai masu kauri, da bakan gizo yana tashi daga wannan ginshiƙi ya sauka kan wancan. In ka hau soro, ga hasumiya nan gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanyin ɗakin. Ka baro rana tana dukan ƙeya, ka sa ƙafa ciki, sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. Ba na'ura, ba lantarki. Aikin magina ne kawai.

Bari in ɗan tsaya a nan, don yaranmu da aka haifa a Kwatano ba su san yadda ake ginin ƙasa ba, gani suke talauci ne. A ƙasar Hausa magini kan kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta kwanaki ta jiƙu ta ruɓa, a tattake ta, sannan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai tsini, a shanya a rana. Bango kan fara da kauri daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Wannan kaurin shi ke shanye zafin rana da yini, bai gama ratsawa ciki ba sai dare ya yi, lokacin da mutane sun riga sun hau soro da tabarminsu. Rufi kuwa da azara ake yi, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta iya ci. Amma azara tana da iyaka: in ka shimfiɗa ta fiye da kamu huɗu ko makamancin haka ba tare da madogara ba, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki mutum hamsin? Nan bakan gizo ya shigo. Magini zai kafa azara a cikin bango, ya ɗora wata ta ɗan zarce ta, ya ɗaure da igiya, ya sake ɗora wata, daga nan da daga can, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, shi ake kira ɗaurin guga. Arɗo, kai da ke jan ruwa a rijiya kullum, dubi yadda aka ɗaure bakin gugarka, ka ga inda sunan ya fito.

Sai dai ginin ƙasa kamar saniya yake, kullum yana son a duba shi. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, a shafe soro da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso wanda ake haɗawa da katsin marina. Shekarar da aka ce “bari sai baɗi”, a shekarar tsaga ke farawa, kuma kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu kuma don gudun wahalar yaɓe sai su shafe bangon ƙasa da siminti. Ido ya ga kyau, amma danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana simintin ya ɓamɓaro gaba ɗaya da rabin bangon. Ruwan sama ma na 'yan shekarun nan ba irin na da ba ne. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Waɗannan fa gine-gine ne da duk gari ke alfahari da su. Ina ga gidan da magada goma sha ke jayayya a kai, kowa na jiran ɗan'uwansa ya sayi kwano?

A nan ne nake ganin amfanin abin da ya faru da gidan Kawusan. Gidan da ake kwana a ciki ana biya, dole a toshe masa yoyo, don baƙo ba zai biya kuɗi ruwa na ɗiga masa a ka ba. Kuɗin kwana shi ke zama kuɗin yaɓe. Da an kulle shi an ce ai tarihi ne, kada kowa ya taɓa, da wataƙila yau tudun ƙasa ne awaki ke hawa. A 2013 da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya, an lissafa gidan nan tare da masallaci, da fadar Sarkin Abzin, da gidan da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a 1850.

Amma kada in yi muku rabin zance. Akwai lokacin da Agadas ke cike da Turawa. Tsofaffin dillalan mota na nan Kwatano sun tuna shekarun 1980, lokacin da samarin Turai ke ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da tsofaffin Peugeot suna sayarwa a hanya, wasu har bakin teku. Ga tseren motocin Paris-Dakar, ga masu zuwa kallon Tenere. Sai tawayen shekarun 1990 ya zo, aka ɗan farfaɗo, wani ya sake ɓarkewa a 2007, sannan aka sace ma'aikata a Arlit a 2010. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Masu otal, da masu jagora, da maƙeran azurfa, kowa ya ji a jikinsa. Wanda ya gina abincinsa kan baƙon da ke zuwa daga wata duniya don nishaɗi, ranar da gwamnatin baƙon ta ce masa kada ya je, tukunya ta sauka.

To mu dawo gida.

Ɗana, kai da ka tambaye ni ko abin kunya ne, me kake tsammani kalmar zongo take nufi? Zango ne, inda ayari ke yada kaya ya kwana. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, ta Nikki da Paraku da Jugu suke bi har Salaga, madugu a gaba, jakuna a baya, kuma duk garin da suka sauka akwai wanda ke karɓarsu. Sunansa fatoma, ko ka ce maigida. Shi zai ba ka ɗaki, matansa su dafa maka tuwo, ya adana maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillali, in an sayi shanunka bashi shi ne zai tsaya maka har a biya. Ba ya cewa kawo kuɗin kwana. Rabonsa na cikin la'ada in ciniki ya faɗa. Haka aka yi a Sabon Ibadan, haka a Kumasi, haka a Zangon Damagaram da ke wajen ganuwar Birni, haka a nan. Ɗakunan nan da ka ga sun jeru a gidan kakanka, kana tsammani duk na 'ya'yansa ne? Tambayi Gwaggo. Za ta faɗa maka wane ɗaki ne na mutanen Dogon Dutsi, wane ne na Kabawa masu kawo albasa.

Saboda haka saukar baƙo ba sabon abu ba ne a gidanku. Abin da Gwaggo ke tsoro, kuma tana da gaskiya, shi ne abin da kalmar otal ta zama a kunnenmu: giya, kiɗa har asuba, ɗakin awa guda, mace ta shiga da wanda ba a sani ba. In wannan ne nufinku, to ni ma ina bayan Gwaggo, gara ku sayar. Amma ba dole ne masauki ya zama haka ba. Ku dubi wanda ke sauka a Zongo yau: mai rakiyar tirelar shanu daga arewa, ɗan Maraɗi da ya zo fitar da mota daga tashar jirgin ruwa, Hajiya mai sarin atamfa ko gwanjo, mai jinyar da ya kawo mahaifinsa asibiti. Me suke nema? Ɗaki mai tsabta, makewayi mai ruwa, inda za su yi alwala, inda za su ajiye kuɗi su yi barci da ido biyu rufe, da mutumin da zai ce da ɗan sanda “baƙona ne”. Wannan na ƙarshen babu otal mai hawa goma da ke sayar da shi.

Na san wani zai ce, Malam, kana kwatanta gidan sarauta na Agadas da gidan bulo da kwano mai tsatsa? Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne. Kwatano rairayi ne tsakanin teku da tafki. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya haura milimita 1,000, na Agadas kuwa ko 200 bai kai ba. Tubalin Kano in ka kawo shi nan, damina biyu ta narkar da shi. Ba mu da bakan gizo, ba mu da zankwaye. Ginin da Turawa ke ɗauka hoto a ƙasar nan na Aguda ne, waɗanda suka dawo daga Barazil: babban masallacin Porto-Novo mai kama da coci, ko gidan Ajavon na Wida da aka gina a 1922, wanda aka gyara ya zama gidan nuna zane-zane a 2013. A Grand-Popo ma tsohon ginin zamanin mulkin mallaka ne ya zama masaukin baƙi a bakin teku. Namu gadon ba a jikin bango yake ba, a tsarin gidan yake. Zaure, inda baƙo namiji ke tsayawa. Ƙofar ciki da ba ta kallon ta waje, don mai wucewa kada ya hango matan gida. Tsakar gida a buɗe, iska na shiga, ga inuwa. Wannan tsari daga Katsina da Kano da Gobir aka ɗauko shi a ka, aka zo aka zuba shi da bulo a bakin teku. In aka rushe aka yi bene mai shaguna a ƙasa, ba bango kaɗai ya tafi ba.

Unguwa irin tamu kuwa ba ta da tabbas, kada mu ruɗi kanmu. A 1977 an rushe tsohon Zongon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutanensa zuwa bayan gari ta arewa. A nan Kwatano kun ga yadda aka share rumfunan bakin titi a farkon 2017, kun kuma ji maganar tashin Dantokpa. Filin da ke kusa da tashar jirgin ruwa da tsakiyar birni kowa na kallonsa. Don haka, kafin fenti, kafin katifa, takarda. Gidaje da yawa a unguwannin nan suna kan sunan mutumin da ya rasu shekara arba'in, da 'yar takardar ciniki da ta sha ninki har rubutun ya dushe. Tun 2013 ƙasar nan ke da sabuwar dokar filaye, akwai kuma hukumar ANDF da ke kula da takardar mallaka, wadda ake kira titre foncier. Ku je da ƙafarku, zuwa da kai ya fi aike. Ku kuma fara raba gado a gaban malamai yadda shari'a ta ce, kowa ya san rabonsa, mata da maza, na nan da na Legas da wanda ke Makka. Raba gado ba ya nufin a tsaga gida da zarto. Ana iya sanin kason kowa a bar gidan a dunƙule, abin da ya shigo a raba bisa kason. Wanda ya matsu yana son kuɗinsa, 'yan'uwa su saye nasa. A rubuta, a sa hannu a gaban hukuma. Kuma a rubuta har da wanda zai riƙe kuɗin gyara, don a nan ne zumunci ke mutuwa: wata ya yi, kowa ya miƙo hannu, ba wanda ya tuna kwano.

Wajen gyaran ma a yi hankali. Iskar teku gishiri ce, tana cin ƙarfe a cikin kankare ba ka sani ba, sai ka ga silin ya fara zubo da ɓawo. Kada a ɗora bene kan tushen da aka yi don hawa ɗaya sai wanda ya san aikin ya duba. Kada a rufe tsakar gida da kwano don a ƙara ɗaki biyu, za ku mai da gidan tanda. A ɗaga dandamalin ƙofa saboda ambaliya, a raba masai da rijiya. Zauren kuwa a bar shi zaure, da tabarma da buta, kada a sa masa kanta da gilashi.

Kada kuma ku ci bashin banki kuna lissafin cewa kullum ɗaki zai cika. Mu ma muna da irin tamu ɗaukewar ƙafa. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, kun ga yadda Seme ta koma. Bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 gadar Malanbil ta tsaya cik, mutane suka koma kwalekwale, tireloli suka yi layi har kaya ya lalace. Mai ɗaki goma da ba bashi a kansa zai ja ɗamara ya jira. Mai bashi kuwa, banki ba ya jin “iyaka a rufe take”.

Jiya da hantsi yaron ya sake zuwa wurina. Ya ce sun zauna da Gwaggo, ta ce ba ta yarda da allo mai sunan otal ba, amma in masaukin baƙi ne irin na mahaifinta, ita ce ma za ta riƙe makullin ɗakin ajiya, kuma ɗakinta na kusa da rijiya ba mai taɓa shi. Masu son a sayar ba su sauko ba tukuna, mai kuɗin kuma ya ƙara tayi. Sun sa ranar zama bayan sallar Juma'a mai zuwa, an aika wa babban wansu da ke Paraku ya zo.

Wanda ke da irin wannan gida, a Kandi ne ko Jugu ko Gaya, ya aiko mana da yadda suka yi da nasu, za mu karanta ba tare da kama suna ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar rigakafin ciwon huhun shanu za mu yi kafin a fara gangarowa. A gaida mutanen gida. Wassalamu alaikum.